Dattijon Bakin Gada Bai Gama Magana Ba

Akwai wani matashi da a gida ake ce masa Auta, a waje kuma mabiyansa suka laƙaba masa Awa Biyu. Sana'arsa sharhin wasannin gem, irin waɗanda ake bugawa a na'ura. Duk sabon wasan da ya fito, shi zai riga kowa kunnawa, ya ɗauki bidiyo ya gaya wa jama'a ko a saya ko a bar shi a kanta ya sha ƙura.

Sunan Awa Biyu daga ƙa'idarsa ya fito. Yakan saita agogon waya ya ajiye a gefe, ya ba wasa awa biyu cif. Da agogo ya buga sai ya ajiye, ya yanke hukunci. Cewa yake wasan da bai kama shi cikin awa biyu ba, ko shekara zai yi a kai ba zai kama shi ba.

Kuma a faɗi gaskiya, yaron akwai baki. In ya tasa wasa a gaba da ba'a, sai ka yi dariya har cikinka ya ƙulle. Mutane suka yi ta zuga shi, shi kuma kai ya yi ta kumbura.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in Baba ya yi a kan benci ɗaya, gilashi maƙale a ido, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Burinsa Auta ya gaji bencin. Ranar da Auta ya ce shi ba zai iya ba, ga abin da ya zaɓa, Baba ya dube shi a gaban masu kawo gyara da maƙwabtan shago ya ce, "Na zaci namiji na haifa, ashe mai wasan yara ne har ya tsufa."

Aka yi dariya. Maganar ta zauna wa Auta a ƙirji.

Shekara shida suka yi a gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Baba bai taɓa kallon bidiyonsa ko ɗaya ba, Auta kuma bai sake taka ƙofar shagon ba.

Sai wata safiya Baba ya yanke jiki ya faɗi a kan bencin nan. Aka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya dawo gida hannun dama ya yi nauyi, ƙafa tana ja, magana kuma ta zama aiki. Kalmar na nan a kansa, amma kafin ta iso baki sai ta yi doguwar tafiya.

Mahaifiyarsu ta jima da rasuwa, don haka jinya ta faɗo kan su biyu, Auta da yayarsa. Yaya malamar makaranta ce, gidan aurenta ba nisa, ita ke zuwa da rana in an tashi. Safiya kuwa ta Auta ce.

Kada in zalunce shi, bai taɓa fashin jinyar nan ba. Shi ke yi wa Baba wanka, ya canza masa kaya, ya ba shi magani a kan lokaci, ya gyara shimfiɗa. Amma komai a guje, kamar mai sauke kaya daga mota.

Da Baba ya buɗe baki, leɓensa ya fara rawa, sai Auta ya tare shi. Ruwa? Fanka? A ƙara filo? Banɗaki? Haka zai yi ta jero su har Baba ya gaji ya gyaɗa kai a kan ɗaya. Auta ya kawo, ya fice, yana ganin ai babu wanda ya fi shi fahimtar tsohon.

Wata huɗu ana haka.

Wata rana Yaya ta tare shi a tsakar gida. Ta gaya masa likita ya ja ta gefe ya ce jinin Baba ya ƙi sauka, in abin ya sake bugowa, ko da ya rayu, da wuya maganar ta tsira. Ta ce ita ta lura akwai magana a bakin Baba, kuma ba ita yake nema da ita ba.

"Kai yake nema, Auta. Ka zauna ka ji shi mana."

"Yaya, shekara shida yana da bakinsa lafiya lau bai faɗa ba. Yanzu ne za a ce ni na hana shi?"

Ta dube shi kawai ta wuce. Ya san bai kyauta ba, amma ya haɗiye.

A makon ne mai shagon da yake sayen kayan gem ya kira shi, ya ce wasan da ake ta jira daga Japan ya iso, kuma shi ya fara ajiye wa. Na 'yar na'urar hannu ne, irin wadda ake riƙewa kamar ƙaramin littafi, maɓallai dama da hagu. Wasan kuwa irin na labari ne, wanda za ka zama mutum ɗaya a ciki, ka yi ta tafiya gari zuwa gari, kana tara abokan tafiya, yaƙin ma bi da bi ake yinsa, kai ka buga, abokin gaba ya buga.

Auta ya dawo gida da rawar jiki. Ya shiga ɗakinsa, ya jingina kyamara, ya saita awa biyu, ya kunna.

Da farko abin ya burge shi, ko da yake bai faɗa ba. Zanen kamar da hannu aka yi shi, launuka masu sanyi, ga wata sarewa tana tashi a hankali. Kai ne mai kunna fitilu a wani ƙauye da ke kan dutse. Wutar fitilun ƙasar ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, an aike ka ka nemo dalili. Hanyar fita daga ƙauyen ɗaya ce tak, wata gada ta katako mai ƙofa, a bakinta kuma wani dattijo zaune da mabuɗi rataye a wuya.

Auta ya tura mutumin nasa wurin dattijon. Rubutu ya fara fitowa a ƙasan allo da Turanci, harafi bayan harafi. Dattijon ya ce, "Gadar nan..." sai ɗigo uku suka tsaya suna ƙyaftawa.

Duk mai buga irin wannan wasa yana da wata ɗabi'a, da rubutu ya tsaya sai ya danna maɓalli a wuce. Auta kuwa babban yatsansa ya fi na kowa sauri, tun kafin rubutu ya gama fita ya danna. Yana dannawa, dattijon ya juya fuska ga kogi ya ce, "Sai wani lokaci."

Ƙofa ba ta buɗe ba.

Auta ya ce to, wataƙila akwai aikin da ake so a fara yi. Ya zaga ƙauyen kaf. Ya yi magana da mai burodi, da maƙeri, da matar da ke shanya, har karen da ke kwance bakin rijiya sai da ya taɓa. Ya tara itace, ya kunna duk fitilun da ke akwai, ya leƙa bayan kowane gida ko akwai ɓoyayyiyar hanya. Sau goma sha ɗaya yana komawa wurin dattijon, sau goma sha ɗaya yana dannawa, amsar ba ta canza ba.

Agogo ya buga. Awa biyu, ko sauro bai kashe ba.

Nan fa ya gyara zama gaban kyamara ya sauke kwandon ba'a. Ya ce zane ya yi kyau, kiɗa ya yi daɗi, amma ko dai wasan a lalace ya fito, ko kuwa masu shi sun raina wa mutane hankali. Ya ce an sayar wa duniya kurkuku mai sarewa. Sai ya karkace baki, ya ja murya, ya shiga kwaikwayon dattijon.

"Gaaa... daaar... naaan... Haba tsoho, in ba ka da abin faɗa ka ba mutane hanya, muna da abin yi!"

Ya yi dariya, ya maimaita har sau uku don ya zaɓi wanda ya fi ban dariya. Abin da ya manta shi ne, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na Baba, kuma bangon ba shi da kauri.

Ya ɗora bidiyon da yamma, ya jefar da na'urar a kan teburin falo, ya kama wata sabgar. Ko sharhin da mutane ke rubutawa a ƙasa bai tsaya karantawa ba, dama ba ya karantawa. A ganinsa shi ke faɗa a ji.

Washegari Yaya ta ga na'urar. Likitan motsa jiki ya ce mata duk abin da zai sa Baba ya riƙa motsa yatsun dama, a ba shi, ko ƙwallon roba ne. Ƙwallon kuwa Baba ya tsane shi, da an miƙa masa sai ya kau da kai. Sai ta ce bari ta gwada wannan. Ta sa masa tabarau, ta ɗora na'urar a kan filo bisa cinyarsa, ta nuna masa inda ake dannawa.

Kwana uku bayan haka, ranar da babu makaranta, Auta ya shigo da shayin safe ya tarar Yaya ta riga shi. Tun daga bakin ƙofa ya ji wani kiɗa da bai sani ba, ba sarewar nan ba, wani mai ganga da ƙarar ruwa. Ya leƙa allon.

Mai fitila na tsaye a wani gari na bakin teku, jiragen ruwa na shawagi, mutum biyu na biye da shi, wata mai baka da wani ƙato mai garkuwa.

Saura kaɗan kofin ya suɓuce masa. Ya tambayi Yaya wa ya buɗe musu ƙofar gadar, ko ta nemo wata dabara ce a waya. Ta ce ita ba ta nemo komai ba, ba ta ma san akwai wata matsala a gadar ba sai da ta kalli bidiyonsa daga baya.

Ta karɓi na'urar daga cinyar Baba, ta buɗe sabon wasa a wani gurbin don kada na Baba ya goge, ta miƙa masa.

"Je ka wurin dattijon. In ɗigon nan sun fito, ka ɗauke hannunka."

Ya je. "Gadar nan..." Ɗigo uku suka fara ƙyaftawa. Ya ɗaga yatsa sama.

Daƙiƙa goma. Ashirin. Yatsan har ƙaiƙayi yake yi masa. Ya kalli Yaya, ta girgiza kai. Talatin, arba'in. A ransa yana cewa wannan ai ɓata lokaci ne. Sai da aka kusa cika minti guda, dattijon ya ɗago kai, rubutu ya ci gaba.

Ya ce gadar nan shi ya gina ta da hannunsa, kuma katako na bakwai ya ruɓe, duk wanda ya taka shi kogi zai tafi da shi. Ya ce ya gaji da gaya wa mutanen da ke tafiya tun bai kai ƙarshe ba, shi ya sa ya daina ba da mabuɗi sai ga wanda ya tsaya ya ji. Ya cire mabuɗin daga wuya ya miƙo. Ƙofa ta buɗe.

Yaya ta ce a hankali, Baba bai san wata dabara ba. Yatsansa ne kawai ke ɗaukar minti guda kafin ya isa kan maɓallin, kafin ya isa dattijon ya ci gaba da kansa.

Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta duba abin da ta ɗora a wuta. Ta ja musu ƙofa.

Auta ya tsaya riƙe da na'ura, kunya ta rufe shi. Bai san lokacin da ya zauna a bakin gadon ba. Rabon da ya zauna a ɗakin nan ba don yin wani aiki ba, shi kansa ba zai iya tunawa ba.

Baba ya buɗe baki. Leɓen ya fara rawa.

Wallahi saura ƙiris Auta ya ce "Ruwa?" Kalmar ta zo har kan harshensa. Ya cije leɓe, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinya ya danne. Babu abin da ake ji sai tsohon agogon bangon da Baba ya gyara tun Auta na goye. Ya ga jijiyar wuyan mahaifinsa ta tashi, ya ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai a ranar ya ga irin wahalar da kalma ɗaya ke ba bawan Allahn nan.

"Na ji ka," in ji Baba. "Ta bango."

Shiru ya sake biyowa, mai tsawo. Auta bai motsa ba.

"Ka iya... kwaikwayo."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Auta ya shige. Ya buɗe baki zai ce ba da shi yake ba, da dattijon cikin wasa yake, amma Baba ya ɗaga hannun hagu kaɗan, ya tsayar da shi.

"Dattijon... bai gama ba. Ni ma... ban gama ba."

Abin da ya biyo baya ya ɗauki kusan rabin awa, ga shi kuwa in da mai lafiya ne minti biyu ya ishe shi. Baba ya ce tun yana kwance a asibiti ya sa Yaya ta riƙa kunna masa bidiyoyin Auta, ya kalle su duka, wasu har sau biyu. Ya ce ya ga yadda yake lura da ƙananan abubuwan da wasu ba sa gani, ya ce wannan idon mai gyaran agogo ne, haƙurin ne kawai babu. Ya ɗan yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi.

Sannan ya kamo hannun Auta.

"Na zage ka... gaban mutane. Ban duba aikinka ba... na yanke. Tun ranar da na faɗi ƙasa... nake so in ce... ka yafe mini."

Auta ya kifa kai a kan gwiwar mahaifinsa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsu. Yana ta cewa shi ne mai neman yafiya, shi ne. Shayin da ya kawo ya huce a kan teburi babu wanda ya tuna da shi.

Daga ranar safiya ta canza. Auta zai gama wanka da magani, sannan ya kashe waya ya zauna. Baba ya ba shi labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarsu, ta kawo gyaran agogon da lafiyarsa ƙalau har sau uku. Ya gaya masa agogunan da suka rage a aljihun bencin shago da sunan mai kowanne, ya ce a mayar musu. Wani lokacin jimla ɗaya ce za ta cinye minti biyar. Auta ya koyi kallon fuskar Baba maimakon kallon ƙofa.

Ya kuma ɗauki sabon bidiyo, babu ba'a a ciki. Ya ce wasan lafiyarsa lau, shi ne bai tsaya ya ji ba, kuma wani dattijo mai ciwon hannu ya wuce inda shi ya kasa. Sai a lokacin ya karanta sharhin da ke ƙarƙashin na farkon, ya tarar tun ranar mutane ke gaya masa ya jira dattijon ya gama. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka daina bin sa. Bai goge tsohon bidiyon ba, ya ce a bar shi ya zama shaida a kansa.

Kwana tara suka samu.

A rana ta goma, da hantsi, Baba na tsakiyar ba shi labarin ubangidan da ya koya masa gyara, sai maganar ta tsaya. Auta ya jira kamar yadda ya saba. Ya jira minti ɗaya, ya jira biyu. Sai ya ga kofin da ke hannun hagun Baba ya karkace.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah kuma ya yi da sauran kwana. Baba ya dawo gida da ransa, idonsa tar, yana gane kowa. Amma maganar ta tafi, kamar yadda aka faɗa wa Yaya tun farko.

Yanzu in ka shiga gidan da la'asar, za ka same su su biyu a kan gado. Auta ke riƙe da na'urar, Baba na kallo ta cikin tabarau. In aka zo wurin zaɓi, a bi ta daji ko ta bakin teku, a yi yaƙi ko a gudu, Auta ba ya dannawa. Sai ya nuna na farko ya jira, ya nuna na biyu ya jira, har Baba ya taɓa masa gwiwa da yatsa. Sun yi wata biyar suna wasan da wasu ke gamawa cikin mako biyu, kuma har yau ba su kai rabi ba. Agogon awa biyu kuwa tuni ya goge shi daga wayarsa.

Yaya ta taɓa ce masa ya gode wa Allah da ya ba shi kwana taran nan, wasu ko ɗaya ba sa samu. Ya ce yana godiya, kullum yana yi.

"Amma Yaya, ba kwana taran ke tsaya mini a rai ba, wata huɗun nan ne. Kowace safiya yana buɗe baki zai ce in yafe masa, ni kuma ina miƙa masa ruwa. Ya karɓa ya sha, alhali ba ƙishi yake ji ba."

Darasi: Kada ka yanke wa abu hukunci tun ba ka ji ƙarshensa ba, wasa ne, sana'ar ɗanka ce, ko maganar wanda harshensa ya yi nauyi. In tsoho ko marar lafiya ya buɗe baki, ka rufe naka ka jira, don ba ka san sau nawa ya rage masa ya buɗe ba. In akwai wanda kake katsewa a gidanku, yau ka je ka zauna har ya gama. Ka kuma tura wannan labari ga wani, wataƙila akwai dattijon da ke jiran a saurare shi a gidansu.